Haƙorin Sadiƙa

Kwana shida ke nan Sadiƙa ba ta sa wa cikinta komai ba sai ruwan kunu, shi ma da ƙaramin cokali take ɗurawa ta gefen baki. Da safiyar Talata uwarta Aminatu ta fito daga ɗaki ta same ta durƙushe a gindin randa, ta manna kuncinta da jikin randar tana neman sanyi. Kumburin da jiya ya tsaya a muƙamuƙi, yau ya gangaro ƙarƙashin haɓa, fatar ta yi ja tana sheƙi. Aminatu ta taɓa goshinta ta ji kamar ta taɓa murfin tukunya. Ta yi mata alama ta buɗe baki. Sadiƙa ta gwada, da ƙyar yatsa biyu za su shiga.

Shekarun Sadiƙa ashirin da bakwai. Tana 'yar shekara uku sanƙarau ya kama ta, ya sake ta amma ya tafi da jinta, magana kuma ba ta zauna mata ba. Da hannu suke zance ita da uwarta, wani yare da su biyu suka gina a tsakar gidan nan na unguwar Roumdé Adjia a Garoua tun tana ƙarama, wanda ko wanta Ɗanmalam rabinsa kawai yake ganewa. Tela ce. Duk matan layinsu ita ke musu ɗinki, amma yau kwana shida keken nata yana lulluɓe da zane.

Babu abin da Aminatu ba ta gwada ba. An yi ruwan gishiri, an cusa kanumfari a ramin haƙorin, an sayo ƙwayoyi a kanti, an shafa man zafi. Abu guda ya rage, kuma shi ne ba ya yiwuwa, domin Sadiƙa ba ta zuwa asibiti. Tana shekara goma sha biyu fasasshiyar kwalba ta yanke ta a tafin ƙafa, Aminatu ta goya ta zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani, a hanya ta yi mata alama cewa dubawa kawai za a yi. Da suka shiga mutum huɗu suka danne ta, Aminatu da kanta ta kwanta a kan ƙirjinta. Aka soka allura a cikin ciwon, aka fara ɗinki tun maganin bai kama ba. Tun daga ranar, in Sadiƙa ta hango farar riga a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen.

Ɗanmalam ya shigo da hantsi. Direban motar kaya ne tsakanin Garoua da Guider, daga hanya ma yake. Yana ganin fuskar ƙanwarsa ya yi salati.

"Inna, me kike jira? Wannan ai ya wuce kanumfari."

"Ka san halinta. In na nuna mata asibiti za ta kulle kanta a ɗaki."

"To kada ki nuna mata. Ki ce wajen tsohuwar nan mai saiwoyi ta bakin kogin Binuwai za mu. In mun isa ni zan ji da sauran."

Aminatu ta juya wajen randa. Ta dubi wuyan 'yarta, ta ga yadda take haɗiyar miyau tana runtse ido. Sai ta taɓa kafaɗarta, ta yi alamar tsohuwa mai sanda, ta yi alamar daka saiwa a turmi. Sadiƙa ta daɗe tana kallon idonta. Sannan ta miƙe ta ɗauko mayafi.

Motar wani abokinsa Ɗanmalam ya aro. Ba su nufi kogi ba, Sadiƙa kuwa ba ta lura ba, ta jingina kai da gilashi idonta a lumshe. Sai da motar ta tsaya ta ɗago, ta ga allo a saman ƙofa an zana ƙaton haƙori fari. Ta yi wata ƙara wadda Aminatu ba ta sake ji ba tun shekara goma sha biyar da suka wuce. Ta riƙe kujerar mota da hannu biyu. Ɗanmalam ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya sungume ta kamar buhun gero, tana dukan bayansa, takalminta guda ya faɗi a kwata. Mutanen da ke zaune a benci suka miƙe suna kallo. Aminatu tana biye, tana cewa "ku yi haƙuri, ku yi haƙuri", ita kanta ba ta san wa take ba wa haƙurin ba.

Yana dire ta a ɗakin likita ta rarrafa ta shige lungun da ke tsakanin kabad da bango, ta dunƙule, ta rufe ido gam.

Likitar mace ce, gajera, ta manyanta, Dokta Pauline. 'Yar duwatsun bayan Guider ce, a kasuwa ta koyi Hausa gefen uwarta mai sayar da gyaɗa, shi ya sa Hausar tata take fita da ɗan karkace. Ba ta matsa kusa ba. Ta tsuguna daga nesa ta ƙare wa kumburin kallo, ta tambayi kwana nawa, ta tambayi ko tana iya haɗiya, ko tana shan wani magani, ko akwai juna biyu. Da ta miƙe, fuskarta ta canza.

"Mama, zan faɗa miki gaskiya. Ciwon nan yana tafiya ƙasa." Ta ɗora yatsa a maƙogwaronta. "In ya iso nan, numfashi zai toshe. Ƙwaya kaɗai ba za ta tsayar da shi ba. Dole a cire haƙorin a fitar da mugunyar, kuma yau."

Aminatu ta juya ta dubi lungun.

"To a yi mana," in ji Ɗanmalam. "Ni zan riƙe kafaɗu. Akwai maza biyu a waje, in na roƙe su za su kama ƙafafu."

"A'a."

"Dokta, ke kika ce yau."

"Allurar can ƙuryar baki take shiga, kusa da jijiya. In ta fizge kai lokacin allura tana ciki, ɓarnar za ta fi wadda kuka zo da ita. Ba na yi wa mutum allura a danne. Monsieur, ka jira a waje."

Ɗanmalam ya buɗe baki zai yi musu, uwarsa ta ce, "Fita, Ɗanmalam." Ya fita yana huci.

Dokta Pauline ta leƙa ta gaya wa Madam Jacqueline, ma'aikaciyar jinyar da ke taimaka mata, ta ba mutanen benci haƙuri, mai sauri ya dawo gobe. Ta tuɓe farar rigarta ta rataye a bayan ƙofa, ta sauke takunkumin fuskarta, ta rufe tiren kayan aiki da tawul. Sannan ta juyo.

"Me kika gaya mata kafin ku zo?"

Aminatu ta sunkuyar da kai. Ta faɗa mata na yau, ta faɗa mata na kwalba, har da kwanciyar da ta yi a ƙirjin yarinyar. Likitar ta dubi agogon bango.

"Ina da lokaci zuwa la'asar," ta ce. "In ba ta yarda ba, zan rubuta muku takarda zuwa babban asibiti a sa ta barci gaba ɗaya. Amma da wuya a kumbure haka, barcin ma yana da nasa haɗarin. Na fi son a yi a nan tana farke. Ki gaya mata gaskiya. Ki ce akwai allura, za ta ji zafi kaɗan, kamar cizon tururuwa, bayan nan wurin zai mutu. Kuma duk lokacin da ta ɗaga hannu zan tsaya."

Aminatu ta durƙusa a gaban lungun. Ta taɓa gwiwar Sadiƙa, Sadiƙa ta janye. Ta taɓa hannunta, ta doke. Idanun nan a rufe suke, kuma Aminatu ta fi kowa sanin ma'anar haka. Mai ji, ko ya juya maka baya kana iya roƙonsa ya ji. Sadiƙa in ta rufe ido, ta rufe duniya ke nan, babu ta inda magana za ta shiga. Aminatu ta yi ta jujjuya hannuwa a gaban rufaffiyar fuska, tana yin alamar haƙuri, tana yin alamar mutuwa, tana yin alamar uwa. Daga baya ta bar alamun ta koma magana da baki, abin da ta san banza ne.

"Sadiƙa, ki dube ni. Don Allah ki dube ni sau ɗaya. Ki zage ni in kina so, amma ki buɗe."

Awa guda ta wuce. Fankar sama tana juya iska mai zafi. Aka kira azahar a masallacin bayan layi, Aminatu ba ta motsa ba. Tana jin numfashin 'yarta, tana ƙirga shi, kuma ya yi mata kamar kowane ja ya fi na baya nauyi. Miyau yana zuba daga gefen bakin Sadiƙa saboda haɗiya ta zama aiki. Sau biyu Ɗanmalam yana turo ƙofa, sau biyu Madam Jacqueline tana mai da shi. A karo na biyu Aminatu ta ji zuciyarta tana cewa a bar shi ya shigo, a danne ta, ta tsane su har abada in dai za ta rayu. Har ta ɗago za ta faɗa. Sai harshenta ya taɓa wani guntun haƙori da ya karye mata tun bara a ƙasa ta hagu, wanda take tauna ta ɗaya gefen saboda shi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Dokta," ta ce, "ki fara da ni."

Likitar ta dube ta.

"Ina da ruɓaɓɓen haƙori. Ki yi mini duk abin da za ki yi mata. In ta buɗe ido ta gani."

Dokta Pauline ta haska bakinta da 'yar fitila, ta ce, "Wannan ai tun tuni ya kamata ya fita. An taɓa yi miki allura a baki?"

"Ko sau ɗaya." Haihuwa shida ta yi a gida, amma tunanin ƙarfe a cikin dasashi ya fi ba ta tsoro.

"To ki ji. Kada ki yi jarumta. In ya yi zafi ki nuna a fuska, in kina so in tsaya ki ɗaga hannu. In ta ga kina ɓoyewa, mun yi aikin banza."

Aminatu ta hau kujera. Likitar ta taka wani abu, kujerar ta kwanta da ita tana gurnani, gurnanin ya bi ta cikin daɓen ɗakin. Shi Sadiƙa ta ji a jikinta. Ta buɗe ido ɗaya don ta ga ko ita ake nufo, sai ta ga uwarta kwance baki buɗe, ƙafafunta suna karkarwa a ƙarƙashin zane. Ba ta sake rufewa ba.

Dokta Pauline ta yi kamar ba ta lura ba, amma ta gyara tsayuwa yadda ba za ta tare mata gani ba, kuma duk abin da ta ɗauka sai ta ɗaga shi sama tukuna. Ta goge dasashin da auduga ya bushe. Ta lakato wani man shafawa ruwan hoda a kan tsinken auduga, ta ɗan taɓa a nata leɓen, sannan ta shafa a ƙuryar bakin Aminatu.

"Wannan yana kashe fatar sama. Minti biyu za mu ba shi, ba a gaggawa da shi."

Tana jira ta ɗauki 'yar kwalbar maganin ta dunƙule a tafin hannu tana murzawa. "In yana da sanyi ya fi zafin shiga," ta ce. Ta ɗaura siririyar allura. Ba ta ɓoye ta ba. Ga sauran mutane, in ji ta, takan kawo sirinjin ta ƙasan haɓa yadda ba za su gani ba, amma wannan an riga an ɓoye mata abubuwa da yawa.

"Ja numfashi ta hanci, Mama. Saki a hankali. Doucement."

Ta kama kuncin Aminatu da yatsu biyu tana girgiza shi da sauri. Aminatu tana can tana mamakin girgizar, sai ta ji ɗan tsini, sannan wani nauyi yana buɗuwa a cikin muƙamuƙi. Tsoro ya taso mata, ta ɗaga hannu. Nan take likitar ta tsaya, ta zare allurar, ta ja da baya taku biyu, ta buɗe hannuwanta. Ta tsaya haka har sai da Aminatu ta sauke hannu ta gyaɗa kai. Da ta koma, ta tura maganin kaɗan kaɗan, ya fi minti guda kafin kwalbar ta ƙare.

"Saurin turawa ne yake sa zafi," ta ce, "ba tsinin ba."

Jim kaɗan leɓen Aminatu ya yi nauyi, rabin harshenta ya zama kamar na aro. Ba ta ji tasowar Sadiƙa ba, sai ganinta ta yi tsaye a kanta. Sadiƙa ta sa farce ta mintsini leɓen uwarta, mintsini na mugunta, har ya yi shaida. Ta zuba ido tana neman ƙyaftawa. Babu. Ta mintsini ɗaya gefen, Aminatu ta zabura. Sadiƙa ta tsaya a nan har aka zare guntun haƙorin, ta karɓi ƙaramin kwanon ta dudduba shi.

Sannan ta ajiye, ta fuskanci uwarta, hannuwanta suka fara magana da ƙarfi. Ta yi alamar tsohuwa mai sanda, ta share ta da bayan hannu. Ta nuna tafin ƙafarta. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna Aminatu. Ta ɗaga yatsa biyu, wato sau biyu ke nan tana yaudararta.

Aminatu, da auduga cushe a baki, ta gyaɗa kai. Ita ma ta ɗaga yatsa biyu. Ba ta kawo uzuri ba. Ta nuna wuyan Sadiƙa, ta matse nata wuyan, ta yi alamar da suke yi wa mutuwa. Ta yi alamar allura, ta yi alamar tururuwa, ta ɗaga hannu ta nuna likita ta daskare. Sadiƙa ta dubi kujerar, sannan ta mayar mata da amsa da hannu.

"Me ta ce?" in ji Dokta Pauline.

"Ta ce za ta hau." Aminatu ta gyara audugar da ke bakinta. "Amma kada in taɓa ta. In tsaya can wajen ƙafafu, hannuwana a inda take ganinsu."

Haka aka yi. Aminatu ta tsaya a ƙarshen kujera ta ɗora tafukanta a kan kanta kamar wadda aka kama da sata. Madam Jacqueline ma aka ce ta matsa baya. Likitar ta ba Sadiƙa madubin hannu ta riƙe. Bakin ba ya buɗuwa sosai, sai da aka lallaɓa kafin tsinken audugar ya kai ƙurya. Ana ɗaga sirinji Sadiƙa ta ɗaga hannu, tun bai kusanto ba. Likitar ta ja baya. Ta sake matsowa, hannu ya sake tashi. Ta sake ja baya. Sau huɗu ana haka, gumi yana ɗiga daga haɓar Dokta Pauline, Aminatu tana kallon agogon bango tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. A na biyar hannun ya ɗan motsa a kan cinya, ya kwanta. Hawaye suna gangarawa cikin kunnuwan Sadiƙa, amma kan bai motsa ba har kwalbar ta ƙare.

Aka jira. Likitar ta taɓa haƙorin da ƙarfe, Sadiƙa ta yi tsalle ta ƙwalla ƙara, hannu a sama. Ta juyo da jajayen idanu kan uwarta.

"Mugunya tana hana magani kamawa," in ji likitar da sauri. "Ki gaya mata laifin ciwon ne, kuma ba zan taɓa haƙorin ba sai ya mutu. Ana bukatar allura ta biyu. Ita ce mai cewa e ko a'a."

Aminatu ta sauke hannuwanta da suka yi tsami, ta faɗa mata duka, ba ta rage komai ba. Sadiƙa ta dubi ƙofa. Ta dafa hannun kujera kamar za ta sauka. Babu wanda ya motsa a ɗakin. Can Sadiƙa ta kai yatsa ta mintsini nata leɓen, ta sake mintsina, ta tsaya tana sauraren jikinta. Sai ta koma ta kwanta ta buɗe baki.

Ta biyun ba ta ma ji shigarta ba. Da haƙorin ya fito, mugunya ta biyo shi, warinta ya cika ɗakin, Madam Jacqueline tana ta zuƙewa da na'ura. Aminatu ta zame ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, rabin bakinta a mace, miyau da jini suna ɓata mata mayafi.

Ba a sallame su ba sai bayan la'asar. Dokta Pauline ta ce akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya kamata a fara ta jijiya, ta nuna wa Sadiƙa a hannunta, Sadiƙa ta miƙa hannu da kanta ta kau da kai. Aka ce su dawo kowace safiya har kwana uku, in kuma numfashi ya canza ko kaɗan, su wuce babban asibiti kai tsaye. A mota Ɗanmalam ya juyo zai yi wa ƙanwarsa alamar sannu, ta juya masa ƙeya.

Kwana biyu Aminatu tana zaune kusa da ita tana kallon wuyan nan, ba ta yarda ya fara saɓewa ba sai ranar Alhamis, da ta ga ƙashin haɓa ya fito. Ran nan Sadiƙa ta sha kunun gyaɗa kofi guda da ɗan burodi jiƙaƙƙe. Har lokacin ba ta yi wa uwarta zance ba, in ban da abin da ya zama dole. Da safiyar Juma'a Aminatu ta ɗauko mayafi za ta raka ta ganin likita na ƙarshe, Sadiƙa ta nuna mata tabarma, ta yi alamar zauna. Ta fita bakin titi ita kaɗai, ta tsayar da mai babur, ta nuna masa katin asibitin. Aminatu ta tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana, sannan ta koma ciki ta ɗora ruwan zafi.